Abin da magina suka ce a hirarmu ta Zangon Damagaram

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna da magina da leburori a unguwar Zango, ana shan shayi, aka shiga maganar abin da ke sa gini ya tsage.

Ruwa ya fi cin lokaci, don kowa ya san wahalarsa a Damagaram. Wani dattijon magini ya ce kankare na son a shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma bai kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. A zafin watan Afrilu, in an yi rowar ruwa, sai ka murza bulo da yatsa ya zube kamar gari. Shawararsa ita ce mai gini ya tanadi ganguna tun kafin ya sayi siminti, a rufe sabon zubi da jiƙaƙƙun buhuna. Na yarda da shi ƙwarai.

Sun kuma ja kunne kan yashi mai laka, da buhun siminti mai kilo 50 da ake matsa wa ya fitar da bulo fiye da kima. Inda tushe ya ci karo da dutse, kada a ɗora rabi bisa dutse rabi bisa yashi ba tare da injiniya ya duba ba.

Wani matashi ya nuna mana tabon ƙusa a tafin ƙafarsa, silifa ya sa ranar. Aka ce takalmi mai kauri da hular kwano wajibi ne, kuma babban magini ya gwada katakon hawa da kansa kafin yara su hau.