Kuɗina sun kai farashin gidan, amma gabana yana faɗuwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, ina zaman haya da iyalina, kuma duk shekara sai an ƙara mana kuɗi. Da tari, da adashi, da kuɗin wata gona da na sayar, na haɗa naira miliyan 14. Dillali ya nuna min gida wajen Gaida, ɗaki uku da falo, awon igiya ne, ba gwamnati ta yanka filin ba, kuma gidan gado. An sallama a miliyan 13 da rabi, yana cewa in kawo kafin alƙalami cikin satin nan don akwai wani mai so. Me zan kashe bayan kuɗin gidan? Ta ina kuma zan rage? Ku taimaka min don Allah.

Tsohon dillali: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ɗauki biro. La'ada a yadda muka saba kashi 5 ce cikin ɗari. A miliyan 13 da rabi ta kama dubu 675, kai kuwa dubu 500 za ta rage maka. Ka ga tun ba a je ga lauya, da mai safiyo, da goron shaidu, da motar kwasar kaya ba, ka shiga bashi. Kuɗinka ba su kai wannan gida ba, sai in an rage.

Kuma ana ragewa. Ka ce sai ka zauna da masu gidan ido da ido. Sau da yawa tsakaninka da su akwai 'yan kayi-nayi uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa a kan farashin. Ita ma la'adar ana daidaitawa, amma kafin a tafa ciniki, ba bayansa ba. Maganar "akwai wani mai so" kuwa, kada ta ɗaga maka hankali. Gidajen sayarwa ba su ƙare a Kano ba.

Barista: Malam, ni abin da ya fi damuna shi ne kalmomi biyu da ka faɗa: awon igiya da gado. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, kuma satifiket ɗin C of O, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamna ke bayarwa, wanda galibi na shekara 99 ne, shi ne hujjar da banki da gwamnati suka fi yarda da ita. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani a matsayin shaida, amma ba ta tsaya a madadinsa ba. Ka ɗauki mai safiyo ya fitar da lambobin wurin, a kai KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Kano, a duba ko bai faɗa cikin hanya, ko filin makaranta, ko maƙabarta ba. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya san gini a filin da gwamnati ta ce nata ne ba abin wasa ba ne.

Sai gadon. An raba shi a kotu? Ina takardar? Magada nawa ne? Kowannensu sai ya sa hannu, har matan da ke aure a wasu garuruwa, har wakilin marayu in akwai ƙanana. Babban wa shi kaɗai ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa. Na ga wanda ya tare, ya yi fenti, ya sa tayil, sannan sammaci ya iso daga wata ƙanwa da ba a tuntuɓa ba. Ka rage ko'ina, ban da nan.

Magini: Yallaɓai, ka koma gidan bayan an sheƙa ruwan sama, ba da rana tsaka ba. Ka ga inda ruwan lungun yake bi. Ka durƙusa ka shafa gindin bango: in filasta tana kumbura ko tana zubar da farin gari, danshi ya kama shi, sabon fenti kuma ɓoye shi kawai yake yi. Ka ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin. Ka sa a buɗe murfin sokawe. Ka karɓi lambar mita ka je ofishin wuta ka ji ko akwai bashi, don sau da yawa wanda ya shiga gidan ake bi.

Da ni ne da kuɗinka, kango zan nema wanda ya kai linta, a ɗan gaba kamar Janguza ko Gunduwawa, a awon gwamnati in an samu. In rufe ɗaki biyu da banɗaki in tare, kuɗin hayar da nake biya ya koma siminti. In kana tara kayan gini, ka tara kwano da rodi. Siminti kada ka ajiye, daskarewa yake yi.

Wata 'yar uwa: Baba magini, kun manta kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, nisa ma kuɗi ne. Ya lissafa abin da shi da yara za su ba mai adaidaita kullum, da kuɗin 'yan garuwa in babu rijiya, kafin ya ce nesa ta fi sauƙi.

Ma'aikacin banki: Duba takardar albashinka, za ka ga ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF. Wanda ya yi wata shida yana biya yana iya neman rance daga FMBN, bankin rancen gidaje na tarayya, ruwa kashi 6, biya har tsawon shekara 30. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda mutum ya ciri har kashi 25 na asusun fanshonsa ya biya kasonsa na rancen gida, in ya yi wata 60 ana zuba masa. Sai dai duka biyun suna son gida mai cikakkiyar takarda, kuma suna cin lokaci. Gidan Gaida ba zai shiga ba.

Malama: Ɗan uwa, kashi 6 ɗin nan ruwa ne, ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu. Akwai bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, ba sa mu'amala da ruwa. Amma ko can ka ce su rubuta maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka auna da albashinka. Giɓinka ma ai ba babba ba ne. Ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinku, ko kwasar farko a adashi, za ta iya toshe shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na kira dillalin. Magada shida ne, ɗaya tana aure a Katsina, kuma ba a raba gadon a kotu ba. Ya ce in ba da dubu 300 a riƙe min.

Barista: Kada ka bayar. Ka ce su fara zuwa kotu a raba, ta Katsinan ta zo ko ta naɗa wakili a rubuce. Ranar biya kuma ta banki za ka tura, cikin asusun da su shidan suka amince da shi a takarda, ba hannun dillali ba. Kafin nan ka je ka ga kangayen da magini ya ambata.