Ƙwayar ƙarƙashin harshe da filastar ƙirji sun daina yi wa mahaifina aiki

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma tun rasuwar Innarmu ni kaɗai nake jinyarsa, domin yayyena maza suna Kaduna da Abuja, iyakarsu su aiko da kuɗi su bugo waya. Ƙirjinsa yakan ɗaure idan ya yi sauri zuwa masallaci. Likita ya rubuta masa naitirogilisirin, maganin ɗaurewar ƙirji ta ciwon zuciya, iri biyu, ƙwayar ƙarƙashin harshe da filastar da ake mannawa a ƙirji. Ƙwayar tana sa shi ciwon kai, shi ya sa nake ba shi ya haɗiye da ruwa, filastar kuma ba na cirewa sai zan manna sabuwa. Yanzu ya ce dukkansu sun daina aiki. Jabu aka sayar mana, ko ciwon ne ya fi ƙarfin maganin?

Mazaunin Samaru: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, amma 'yar uwa, matsalar tana wajen yadda ake ba shi. Ƙarƙashin harshe cike yake da ƙananan jijiyoyi, ƙwayar tana narkewa ta shiga jini kai tsaye, cikin minti 1 zuwa 3 ta buɗe jijiyoyi nauyi ya ragu a kan zuciya, aikinta kuma bai cika wuce rabin awa ba. Idan aka haɗiye ta, hanta ce take fara tarbarta ta lalata kusan dukkanta. Idan ciwon kan ya ragu bayan haɗiyewa, alama ce maganin bai isa jini sosai ba. Filasta kuwa a hankali take ratsa fata, rigakafi ce, ba ta kashe ciwon da ya riga ya taso, kuma idan ta kwana ta wuni a jiki, jiki yakan saba da ita. Shi ya sa ake cire ta awa 10 zuwa 12 kullum.

Hajiya daga Sabon Gari: Ni dai ban cire jabu daga zargi ba. Wani mai kemis ya taɓa ƙirga wa maigidana ƙwayoyin nan a farar leda, na ɗaure su a bakin zane cikin zafin bazara, ranar da muka buƙace su ko gezau. Har yau ban yafe wa mutumin nan ba. Ki saya masa na feshi, ko ki riƙa ba shi biyu a tare.

Mazaunin Samaru: Hajiya, ku yi haƙuri, biyu a tare na iya faɗar da hawan jininsa ya yanke jiki. Guda ɗaya ake sa wa, yana zaune, a jira minti 5. Idan ciwon bai lafa ba, a nufi asibiti nan take, ko asibitin koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa. Naku ma ba lallai jabu ba ne, zafi da iska ke kashe ƙwayar, shi ya sa ake barinta a kwalbarta ta gilashi a rufe. Na feshi ya fi jure ajiya, amma shi ma ƙarƙashin harshe ake fesawa, ba a shaƙa.

'Yar Tudun Wada: Malam, na gode, amma ni ce nake ganin yadda yake dafe kai yana salati idan ya tsotsa. Filastar kuma da dare na fi tsoron ciwon, ta yaya zan cire ta in iya barci? Babu wanda ya yi mini wannan bayanin ranar da aka ba mu.

Mazaunin Samaru: To ki faɗa wa likitan cewa da dare kike tsoro, shi zai tsara lokacin cirewar. Ciwon kan yakan ragu da sabo. Ki kai shi gobe, kada a jira.

'Yar Tudun Wada: Ranar ganin likitansa sai ƙarshen wata, kuma sai na ji ta bakin babban yayanmu tukuna.