Neman shawara: wurin sana'a ga masu jinyar ƙwaƙwalwa a Aboabo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta mata a Aboabo, Kumasi, ta tara kuɗin adashi, kuma an ba mu aron shago mai ɗaki biyu. Muna son ɗaukar mutum takwas aiki. Wasunsu sun samu sauƙi bayan jinya a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, wasu kuma samari ne da suka bar shan tramol. Sabulun ruwa za mu yi ko wanki da guga? Yaya za mu riƙa biyansu? Wace rajista ake buƙata?

Nas a sashen ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku. Kafin ku raba aiki, ku nemi izinin kowa ku san maganin da yake sha, domin shi zai nuna inda za a ajiye mutum. Haloperidol da allurar fluphenazine, wadda ake yi duk mako biyu zuwa huɗu, suna kawo rawar hannu da sandarewar jiki. Mai irin wannan kada ya riƙe dutsen guga, a ba shi ninki da saka lamba. Largactil yana sa barci da jiri idan an miƙe da sauri, kuma rana tana ƙona fatar mai shansa, don haka ba shi ba shanya da tsakar rana. Masu shan olanzapine safiya tana yi musu nauyi. Ku fara aiki ƙarfe tara, awa huɗu a rana a watan farko, sannan ku ƙara a hankali.

Abin da ya fi rusa irin wannan wuri shi ne ma'aikaci ya ga magani yana rage masa sauri, sai ya daina sha a ɓoye don kada a kore shi. Bayan makonni ciwon ya dawo. Saboda haka ranar asibiti ku lissafa ta ranar aiki, ku biya shi. Idan kun ga mutum ya kwana biyu ko uku bai yi barci ba, ya bar wanka, ko ya fara zargin abokan aiki, a kira ɗan uwansa a kai shi asibiti a ranar. Tun ranar ɗaukarsa aiki ya rubuta wanda yake so a kira. Ku duba katin inshorar lafiya (NHIS) na kowa bai mutu ba.

Mai wanki a Asawase: Hajiya, ku ɗauki wanki. Sabulun ruwa sai da soda mai ƙuna, ga rajistar hukumar abinci da magunguna (FDA) kafin a sayar, kuma ya cika kasuwar Kejetia, riba kaɗan ce. Amma kada ku sayi inji sai kun samu masu kawo kaya a kai a kai. Ku zaga gidajen saukar baƙi da gidajen kwanan ɗalibai na Ayeduase da Kotei, kusa da jami'ar KNUST, ku yi yarjejeniya a rubuce da biyu ko uku. Ku fara da zanen gado da tawul. Shadda da leshi ku bar su tukuna, ƙonewar riga ɗaya tana iya cinye ribar mako. Tankin ruwa wajibi ne, domin famfo ba ya da alkawari. Bilic ya zauna a kulle, mutum ɗaya ke aunawa. Cikin takwas ɗin nan ku sa ƙwararru biyu da suka san aikin, don ranar da mutum biyu suka kwanta kaya su fita a kan lokaci. Mai gidan baƙi zai tausaya muku sau ɗaya, na biyu tsabtar zanensa zai duba.

Wani ɗan uwa: Ni a ganina a riƙa ba iyayensu kuɗin, kada su koma ƙwaya.

Mai aiki da matasan da suka bar shaye-shaye: Malam, ban yarda ba. Wanda ya yi gumi shi ke da haƙƙinsa, kuma idan ka hana shi taɓa kuɗinsa ka koya masa cewa har yanzu ba a yarda da shi ba. A biya shi duk mako ta asusun kuɗinsa na waya (MoMo), ba tsaba a hannu kullum yamma ba. Idan ya amince a rubuce, a ajiye masa wani kaso. Kuma Hajiya, kada ku biya bisa yawan kayan da mutum ya wanke. Yawancin samarin nan don jure aikin ƙarfi suka fara tramol, biyan da ke sa tsere zai mayar da su. Ku sa ran wani zai zame. Ku rubuta doka tun farko: wanda ya zo a buge ya koma gida ranar, ya ga likita, ya dawo, ba kora ba. Tramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan ta faru a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, a kai shi asibiti.

Akawu: Ku yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, Act 992. Idan ribar za ta koma cikin aikin ne, ku zaɓi kamfanin da ba ya raba riba ga masu shi. Sai lasisin kasuwanci daga majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong. Mutum takwas ɗin nan ma'aikata ne a idon dokar ƙwadago ta 2003, kada lada ya gaza mafi ƙarancin na yini, wanda ya kai sidi 19.97 a 2025. SSNIT, wato asusun fansho, kuma ku ne za ku biya kashi 13 cikin ɗari, a cire 5.5 daga albashin ma'aikaci. Takardun lafiyarsu su zauna a hannun mutum ɗaya, kuma kada ku rubuta ciwon kowa a allon shago ko ku sa hotonsa a Facebook ba da yardarsa ba.

Mai tambaya: Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wanki za mu yi. Malam mai wanki, inji mai ɗaukar kilo nawa ya dace a fara da shi?