Wace Hausa za mu ba "risk management"? Ni dai garari na kama

1/ Jiya muna zaune da magina a wurin aikin ajujuwa shida da nake kula da shi, sai injiniya ya ce a kawo takardar "risk management", wato takardar da ake lissafa matsalolin da ka iya samun aiki da yadda za a tare su. Babban birkila ya juyo ya ce da ni, "Ranka ya daɗe, mene ne kuma wannan?" Na buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

2/ Kalmar "risk" dai, da yawa kan ce haɗari. Amma haɗari a kunnen Bahaushe mota ce ta kife a hanyar Zariya, magana ta riga ta ƙare. Abin da muke nufi kuwa bai faru ba tukuna. Yana iya zuwa, yana iya wucewa.

3/ Kasada fa? Kasada mutum ne ke jefa kansa da saninsa. Ɗan kwangilar da ya sa hannu a farkon 2023 bai yi kasadar komai ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Siminti, rodi, tifar yashi, duk suka bi ta, lissafinsa ya watse yana zaune. Tsautsayi ma na ajiye ta gefe, domin da an ce ba ya wuce ranarsa sai kowa ya naɗe hannu.

4/ Garari. Wanda ya yi karatun zaure ya san cinikin garari da fiƙihu ya hana: sayar da kifi a ruwa, tsuntsu a sama, ɗan tayi a cikin uwarsa. Abin da ba a san ƙarshensa ba ke nan, kuma ainihin ma'anar da muke nema. Na san a bakin jama'a "ya shiga garari" na nufin wahala ta riga ta same shi. Wannan rauni ne, na yarda. Amma asalinta yana tare da mu, kuma kunne ya saba da ita.

5/ Ɗaya kalmar kuwa, wato "management", sarrafawa. Babban aiki kullum sauya fuska yake, ba a kawar da gararinsa a zama ɗaya. Kowane mako sai an sake duba wanne ya matso, wa zai tsare shi, nawa aka ware na ko-ta-kwana. Don haka: sarrafa garari. Takardar kuma, kundin garari.

6/ Da safen nan na gwada wa birkilan. Ya ɗan yi shiru, ya dubi gabas, ya ce, "To a fara rubuta damina, don ba mu yi rufi ba." Malamai da masu fassara, in kuna da wadda ta fi, ku kawo kafin mu buga kundin.