Gari Na Faɗi, Hanya Na Tsinkewa

Mai Taswira:
Salamu alaikum masana, na zo da tambaya,
Ƙaramin gari ya bazu, ya cinye gonakin baya,
Tituna sun ƙaru, amma zuwa maƙwabta sai da kewaya.
Da me ake auna ciwon, a san inda ya tsaya?

Safiyo:
Amin, Malam, baje taswirarka ka shirya,
Ware murabba'in kilomita 1, ƙirga mahaɗar hanya.
Mararraba mai ƙafa 4 ita ce lafiya,
Mai 3 da dama-dama, lungu mara ɓullewa ƙafarsa ɗaya.
Raba adadin guntayen layuka da adadin mahaɗu, har ƙarshen lungu ka sanya,
In bai kai 1.4 ba, mai tafiyar ƙasa zai sha wuya.

Injiniya:
Yallaɓai Safiyo, ka bar awo guda a baya:
Tazarar da tsuntsu zai yi, da wadda ƙafa za ta iya.
Gida biyu mita 100 tsakani, katanga ta raba su a tsakiya,
Sai an taka mita 800, ai dole a hau abin hawa a biya.
A 2014 UN-Habitat, hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya,
Ta ce kashi 30 cikin 100 na fili a bar wa hanya,
Titi kilomita 18 a murabba'in kilomita ɗaya.

Mai Taswira:
Hajiya, ba ƙananan garuruwa kaɗai abin ya tsaya,
Wani bincike na 2020 ya duba ƙasashe 134 na duniya,
Kashi 90 cikinsu, tun 1975 haɗin tituna ke ja da baya.

Safiyo:
Tushen na wurin mai yanka fili, mu faɗi gaskiya,
Kowace mita ta titi a idonsa asarar dukiya.
Layinsa na ƙarewa a iyakarsa, maƙwabci ya gina ya juya baya,
Rukunin gidaje ɗari, katanga zagaye, ƙofa ɗaya.
Duk motoci su kwararo babban titi, cunkoso ya hana tafiya,
Motar kashe gobara ta shiga, ta rasa wurin juya,
Ruwan bututun ƙarshen lungu ya kwana, ya daina gudu, ya tsaya.

Magini:
A yi wa lungu adalci, yana da tasa kariya,
Ba mai gudu da mota, yara na wasa lafiya.

Injiniya:
Haka ne, Baba, toshe wa mota, bar wa ƙafa da keke hanya,
Mita 3 a ƙarshen lungu ta isa a ɓulla layin baya.
Babban titi duk kilomita 1, faɗi mita 30 a tsaya,
Tsakanin mahaɗu kar a wuce mita 150 na tafiya,
Kowane mai fili ya bar bakin layi ga wanda zai zo daga baya.
A kafa turaku tun wurin yana gona, kafin a ja igiya,
In an zuba harsashin gini, sai rusau da biyan diyya.