Ya kuke yi da leburori masu cire hular kwano a wurin gini?

Bazazzagi a Jidda:
Salam 'yan uwa. Ni foman ne a wani gini nan Jidda. Kullum da safe sai na yi magana kan hular kwano da bel ɗin ɗaurewa amma ina juya baya sai ka ga mutum a hawa na huɗu kai a buɗe wai zafi ya dame shi. Jiya ma guduma ta suɓuce daga sama ta faɗi dab da ƙafar wani yaro, Allah ne kawai ya tsare. An yanke musu albashi, a banza. Ku ya kuke yi?

Kafinta Riyad:
Yanke kuɗi ba ya gyara hali Malam, ɓoyewa kawai za su koya. Mu kafin a fara aiki muna tsayawa minti biyar kowa ya faɗi abin da ya kusa faruwa jiya, kuma ba a hukunta wanda ya faɗa, da farko shiru suke yi sai da wani dattijo ya fara sannan baki ya buɗe.

Maiwalda:
Tambaya ɗaya yallaɓai, injiniyanku yana sakawa? Namu da silifas yake zagaye, to wa zai ji maganarka.

Kafinta Riyad:
Zafin ma gaskiya ne fa. Doka ta hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A ba su inuwa da ruwan sanyi tukuna.

Bazazzagi a Jidda:
Maiwalda ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi wallahi. Gobe da injiniyan zan fara.