Na maƙale a mataki na 55 a gem ɗin Black Ops 6, in danna Prestige ko in bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni. Black Ops 6, gem ɗin harbi na Call of Duty, nake bugawa a na'urar PS5. Na'urar ta yayana ce, da zai tafi bautar ƙasa ya bar mana ita, ni ke biyan PlayStation Plus (kuɗin rajistar buga gem ta intanet) da data daga ɗan abin da nake samu a shagon waya. Sai na rufe shago da daddare nake samun zama, in an ɗauke wuta kuma sai na lissafa fetur kafin in tayar da janareto. Da haka na lallaɓa har na kai 55, na buɗe duk bindigogina, na haɗa su yadda hannuna ya saba. Yanzu maki ya daina hawa, kullum gem ɗin yana nuna min in shiga Prestige, wato in koma mataki na 1. Abokan tawagata uku duk sun danna, ɗaya har ya kai na huɗu, in muka shiga fili alamarsu daban tawa daban, suna cewa tsoro nake ji. Ga shi muna da gasa a gidan gem na unguwa ƙarshen wata. Wallahi jiya na kai yatsa kan maɓallin, gabana ya faɗi, na fasa.

Oga Sinaifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena danna kawai. Tun Call of Duty 4 na 2007 ake wannan tsarin, 55 ɗin nan da Prestige goma, ba yau aka fara ba. Abin da zai kulle: matakinka, bindigogi, gurneti da sauran kayan da mataki ke buɗewa, sai jerin makaman da ka shirya. Abin da ba a taɓawa: matakin kowace bindiga, kayan haɗinta, fentin da ka sha wuya a kansa, da abin da ka saya da kuɗi. A mataki na 4 za ka sake iya haɗa makamanka. Kuma duk Prestige ana ba ka tikiti ɗaya na buɗe abu guda har abada, ka sa shi a kan bindigar da ka fi so. Ka gama goma ka zama Prestige Master, ka hau har 1000. Zama a 55 asarar maki ce, duk daren da ka buga ya tafi a iska.

Ɗan Tudun Wada: Oga ka faɗi daɗin ba ka faɗi ɗacin ba. Tikiti ɗaya ne fa. Ni na sa shi a bindiga, na dawo fili babu Ninja, wato abin da ke rage ƙarar taku, ana jin takuna tun daga nesa, aka yi ta ɗauke ni kamar kaza. Ga netwok ɗin unguwarmu, ka harbi mutum ya wuce sai ka ga kai ne a ƙasa. Na kira kamfanin layina har na gaji, kullum "muna aiki a kai". Wanda ke Turai kusa da kwamfutocin da ke haɗa wasan (server) shi zai ce maka komawa baya ba komai ba ne.

Mai tambaya: Abin da nake gudu ke nan. Ni ba kullum nake samun wuta ba.

Oga Sinaifa: Uzuri ne. Ka jira ƙarshen makon da ake ninka maki, ka shiga ƙananan filayen nan, Nuketown ko Stakeout, ka zauna, ka ƙona tikitin ninki da ka tara. Kafin gasar ka dawo 55.

Maman Hanif: Ɗan uwa ni tambaya ɗaya gare ni. Ka ce "ya bar mana ita". Kai da wa? Akawun ɗin naka ne kai kaɗai?

Mai tambaya: Ni da ƙanena ne, amma shi ɓangaren Zombies, na yaƙi da gawawwaki masu tafiya, kawai yake bugawa da rana, ba ya shiga wasan jama'a. Akawun ɗin kuma da imel ɗin yaya aka buɗe.

Maman Hanif: To ai nan maganar take. Mataki ɗaya ne a Zombies da wasan jama'a. Ka danna, shi ma yaron zai dawo daga makaranta ya tarar da bindigoginsa a kulle, kuma ba a janye Prestige in an shiga. Ɗana ya taɓa goge min wasan da na daɗe ina ginawa a wayata, har yau in na tuna raina yana sosuwa. Ka tambaye shi, ka kuma kira yayanka.

Mai tambaya: Hajiya ni fa ke biyan komai. Kuma kusan duk makin nan ni na tara shi, shi ɗan kaɗan ya ƙara. Yaya ma tun da ya tafi bai tambayi gem ɗin ba.

Na Damagaram: Mu 'yan Call of Duty Mobile ba mu da wannan ciwon kai. Ni damuwata masu buɗe sabon akawun su zo suna yanka sababbin shiga. Admin ya kamata a yi magana a kai.

Ɗan Tudun Wada: Amma na ji an ce in ka koma mataki na 1 ana haɗa ka da masu rauni, ko ba haka ba?

Oga Sinaifa: Ba haka ba ne. Activision, kamfanin gem ɗin, sun yi bayani a 2024: ana duba ingancin layi, saurin samun wasa da yadda kake taka rawa, lambar matakinka ba ta ciki. Wanda ke share tarihi gaba ɗaya shi ne zaɓin Fresh Start na tsohon gem ɗin Black Ops 2, wannan daban ne. Batun ƙane kuma, Hajiya ki bar shi, yaro zai saba. Danna yau.

Maman Hanif: Yaro zai saba, amma ba zai manta ba.

Mai tambaya: Na gode duka. Ni dai ba tsoro nake ji ba, lissafi nake yi. Wataƙila sai bayan gasar. Oga, in na danna, tikitin nan a bindiga zan sa ko a Ninja? Kuma gasar ma ban tabbata da akawun ɗinmu za a buga ba ko da na gidan gem.